Jaridar da Malam Maude Ya Manna a Bango

Shekara ashirin da uku Malam Maude ya yi yana ɗaukar hoto a Garki. Da hoton fasfo ya fara, a gindin bishiya a Area 1, da farin ƙyalle rataye a bayan kujera, har ya kai manyan ma'aikata suna kiransa bikin suna da walima. Abu ɗaya kowa ya san shi da shi: bai yarda kyamara ta daidaita masa hoto da kanta ba. Da yatsunsa yake murza zoben lens, wato gilashin da ke bakin kyamara, sai fuska ta fito tangaran. In ya ga 'yan zamani suna danna maɓalli kawai, yakan taɓe baki ya ce, "Waɗannan ai 'yan dakon kyamara ne."

To, watan jiya aka yi abin da ya hana shi sakat. Hajiya Hadijatu, wata darakta da ta haɗa shi da rabin masu ba shi aiki, ta yi walimar saukar 'yarta, hotuna suka fito dishi-dishi. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Malam Maude, ranar Asabar akwai liyafar ritayar maigidana. In aka sake haka, sai dai ka yi haƙuri."

Maude ya ɗora laifin kacokan a kan tsohon lens ɗinsa, ya kira shi gajiyayye, ya kira shi maci amana. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayi wani lens, tokumbo, wato wanda aka taɓa amfani da shi, a wurin Innocent mai kayan hoto, bisa sharaɗin in bai yi ba ya mayar cikin kwana biyu.

Ranar Alhamis da hantsi ya fito tsakar gidansa a Jikwoyi don gwaji. Ya haska tocila ta cikin gilashin, bai ga fumfuna ba. Ya girgiza shi kusa da kunne, babu abin da ya yi ƙara. Sai ya yi irin gwajin da ya koya tun yana sabon shiga: ya manna shafin jarida a bango, ya kafa kyamara a kan ƙarfenta mai ƙafa uku. Ƙananan rubutu ba sa rufa wa lens asiri, musamman a kusurwoyi. Ya ɗauki biyar da hannunsa, yana buɗe ƙofar haske yana tsukewa. Sannan, don cika ƙa'ida kawai, ya tura ɗan maɓallin gefe ya bar na'urar ta daidaita wasu biyar da kanta.

Da ya buɗe su a kwamfuta, duka goman hazo ne. Ya goge fuskar kwamfutar da hannun riga, ya ƙara girman hoton, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ta. Ga babur ya tafi, ga Asabar jibi.

"Innocent ya cuce ni," ya ce, yana laluben kwalin lens ɗin.

Matarsa Uwani ta shigo da kunu, ta tsaya a bayansa. "Me ya samu hotunan, Malam?"

"Ba kya gani? Ko kalma ɗaya ba ta karantuwa."

Ta sunkuya, ta fara karanta wani ƙaramin talla da ke can ƙasan kusurwa, na ɗaki biyu a Gwarinpa, har da lambar waya, ko gargada babu. Maude ya wuce na gaba, ta karanta. Na gaba ma haka. Da ya koma biyar ɗin farko sai ta girgiza kai ta ce, "Waɗannan kam sun yi dishi-dishi, kamar na walimar Hajiya."

Biyar ɗin farko su ne nasa, na hannu. Ai shi ke nan, gwaji ya gama aikinsa, kuma ba lens ne ya faɗi ba. Tsoro ya kama shi, irin wanda ya yi watanni yana kora. Ya tuna yadda yake miƙa wa Uwani waya ta karanta masa saƙo da sunan yana cikin aiki, da tsohon lens ɗin da ya yi ta zagi a banza.

"Tun bara nake cewa ka je a duba idon nan," in ji ta a hankali.

Ya ɗaga kai ya dube ta. Tana da 'yan zane uku a kowane kunci, su ne abin da ya fara ɗauka a hoto ranar da ya fara ganinta. Ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa, bai same su ba.

"Uwani, matso kusa."

Ta matso har ya ji numfashinta, sannan zanen suka fito. Ya daɗe yana kallonsu. Daga nan ya jawo kyamarar, ya shafa maɓallin gefe da babban yatsa, ya bar shi inda yake, na'urar ta ci gaba da daidaitawa da kanta.

"Ranar Asabar ki shirya mu tafi tare," ya ce. "In na ɗauka, ke za ki riƙa duba mini. Litinin kuma ki raka ni asibiti."