Igiyoyin Malam Nababa

Kowace ranar kasuwar Makoda, Malam Nababa baduku yakan shimfiɗa buhunsa a gindin darbejiya, ya jera basilla da wuƙa da yankakkiyar taya. Masu tundurmi sai bayan la'asar yake karɓarsu, don ya ce da safe kumburi bai gama fitowa ba. Kowannensu yana da igiyar awonsa rataye a ƙusa, da ƙulli a inda kaurin ƙafarsa ya tsaya bara. Shekara ashirin da shida ke nan yana ɗinka musu takalman da ba a samu a kanti.

'Yan kasuwa sun shaida abin da ya faru da ɗaya daga cikinsu, Dabo, manomin gyaɗa. Duk damina zazzaɓi kan kwantar da shi, ƙafar ta yi ja ta ɗauki zafi, idan ya tashi kuma ta ƙara girma. Bara waccan ciyawa ce ta cinye masa gona. Da ya zo awo bara, igiya ta ƙi haɗuwa. Nababa ya buɗa yatsun ƙafar, ya ga tsakaninsu ya yi fari ya tsattsage, ga gyambo a dunduniya wata biyu bai warke ba. Dabo ya ce wanzami zai yi masa tsaga a fitar da mugun jini.

"Kai masa," in ji Nababa. "Amma ni ba na ɗinka wa ƙafar da za a yanke takalmi. Je ka asibiti su duba jininka tukuna."

Dabo ya tafi yana ƙunƙuni, wai yaushe mai yankan taya ya zama likita. A asibitin aka gano ciwon suga da hawan jini, aka ɗora shi kan magani, aka ce da an yi tsagar nan da wuya ƙafar ta tsira.

Mu da muka yi boko, taro muke yi a kan cutar tundurmin nan mu watse. Makwabta kuwa sun saba ganinta har sun daina kallo. Kai ne, Malam, ka lura cewa damshin da ke maƙalewa tsakanin yatsu bayan alwala shi ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Kai ne kake cusa wankakken ƙyalle a cikin kowane takalmi, ka ce a wanke da sabulu, a tsane, sannan a saka.

Bana idon Nababa ya yi rauni, zai ajiye basilla. Dabo ne awonsa na ƙarshe. Igiya ta haɗu daidai kan tsohon ƙullin. Ya tambaye shi gona, Dabo ya ce har gyaɗar ta shiga buhu.

"Ina ƙyallen?"

Dabo ya zaro shi daga aljihu.

Mun gode, Malam Nababa, Allah ya saka da alheri. Igiya arba'in da ɗaya na nan a jikin darbejiya, kowace da mai ita. Kafin ruwan farko ya sauka, wani cikinmu ya je ya koyi awon.