Taswirar Gonar Yayana

A takardar da aka ɗauke ni aiki da ita an rubuta cewa ni ne mai manhajar. Da na karanta wa yayana, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, “To, mai kamfani, a fara saya mini buhun taki.” Na yi ta fama in fahimtar da shi cewa ko kujerar da nake zama a kai ba tawa ba ce, amma ina, sunan ya riga ya bi ni. Har yau a unguwarmu a Birnin Gwari akwai masu kirana da shi.

Manhaja ce ta waya da wani ƙaramin kamfani ya yi wa manoma. Mutum zai zagaya gonarsa da wayar a hannu, ita kuma ta zana masa iyakar gonar a kan hoton da aka ɗauko daga sama, ta gaya masa takin da zai ishe shi, ta haɗa shi da masu sayen masara. Mu biyu ne a kanta. Akwai Madam, manajar manhajar, ƴar kudancin Kaduna ce mai zama a Abuja. Ita ke zama da manyan masu saye, ita ke faɗin inda za a dosa da dalilin zuwa can. Ni kuma aikina jeri ne. Duk abin da za a ƙara ko a gyara ina rubuta shi, in tsara na ɗaya, na biyu, na uku, masu rubuta manhajar su ɗauka daga sama duk mako biyu. Ba ni da ikon canza alkibla. Amma wane aiki zai riga wane, wannan a hannuna yake, kuma na san da haka sarai.

Yayana na cikin waɗanda suka fara gwadawa, ni na matsa masa. Gonarsa tana wajen Dogon Dawa, bakin daji. Ya zagaya ta, taswira ta fito tsaf, har da rafin da ke bayanta da ƴar hanyar da ta ratsa cikin itatuwa. Ya ji daɗi na kwana biyu. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya ja ni gefe.

“Kai, ka cire mini hoton dajin nan,” in ji shi. “Mutanen nan in sun tare ka, waya suke fara dubawa. Su ga daji a zane, da hanya, da ɗigo-ɗigo, me kake so in ce musu?”

“Yaya, gonarka ce fa.”

“Ni da kai muka san haka.”

Na rubuta a jerina: a yi maɓallin da zai ɓoye taswira. Na tambayi babban mai rubuta manhajar, ya ce aikin kwana biyu ne. Na kira Madam. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, “Malam, na ji. Amma nan da mako shida masu saye za su zo mu nuna musu, kuma taswirar suke son gani ta ƙara kyau. Jerin naka ne, ba zan sa maka hannu ba. Ka dai san inda muka nufa.”

Ba ta hana ba. Na so a ce ta hana, da na samu wanda zan ɗora wa. Ni ne na zauna na duba jerin, na ga sabo ne ni a wajen aikin, na ga ba na son a ce ɗan ƙauye ya kawo tsoron ƙauyensu ya tsayar da aikin ƙasa baki ɗaya. Na sa maɓallin a na tara. Bayan mako biyu ya hau na huɗu, sai wani aikin launin taswira ya taso, na sake tura shi ƙasa da hannuna. Yayana ya ƙara tambaya sau ɗaya. Na ce masa yana kan hanya. Ya so ya goge manhajar gaba ɗaya, na ce kar ya ba ni kunya, sunansa na cikin waɗanda za a nuna.

Ranar wata Laraba da hantsi ƴan bindiga suka tare su a hanyar gona, shi da maƙwabcinsa, wani dattijo Bagwari da suka yi shekaru suna noma gefe da gefe. Dattijon ne ya dawo da la'asar, ƙafarsa duk ƙaya, ya zauna a zaurenmu ya kasa shan ruwan da aka kawo masa. Ya ce tasa ƙaramar waya ce, suka duba suka jefar. Ta yayana kuwa suka buɗe, suka taru a kanta. Ɗaya ya ce ga mai nuna wa sojoji wurinsu. Yayana ya yi ta rantsuwa cewa gona ce, taki ne, ƙanensa ne ya sa masa. Suka ɗaure shi suka shiga daji da shi.

Mun jira kiran waya. A garinmu kowa ya san cewa kira alheri ne, don wanda ake son a sake shi ake kira a kansa. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba wanda ya kira.

Ranar Litinin ta farko bayan abin na mayar da maɓallin na ɗaya. Kafin azahar ta Talata an gama. Madam ta kira ni tana kuka, ta ce laifinta ne, ya kamata ta ce a fara da shi. Na ce mata ba aikinta ba ne. Gaskiya na faɗa, kuma ban taɓa tsanar gaskiya kamar ranar ba.

Akwai wani shafi a kwamfutata da ke nuna wayoyin da suka karɓi sabon gyara. Cikin ƴan kwanaki duk manomanmu suka karɓa, sai layi ɗaya, na wayar yayana, da ya tsaya a tsohon. Kullum da safe kafin in karya sai na buɗe na dube shi. Ran nan, wajen wata uku da abin, na buɗe na ga layin ya canza. An kunna wayar a wani wuri mai sabis, ta karɓi gyaran.

Na miƙe tsaye, na kai har ƙofar ɗakin matar yayana. Tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, “Lafiya?” Na tsaya ina tunanin hannun da ya kunna wayar. Na ce mata lafiya lau, ruwa nake nema.