Sallar Azahar a Lambun Japanawa

Titin Wendover, garin Greensboro, da safe

"Kai, rage gudu, ba mai naƙuda muka ɗauko ba!"

Alhaji ke nan, mahaifin Nafisa, yarinyar da nake nema. Ya zo nan Amurka daga Kano bikin gama karatunta, jibi zai koma, kuma har yau bai ce uffan a kan maganata ba. Nafisa ce ta kawo dabara, wai in kai shi yawo lambun Japanawa mu biyu, Baba yana son shuke-shuke. Ita tana gida abinta tana turo saƙo, "Ya ake ciki?" Ana ciki, Nafisa. Ana ciki sosai.

Kan hanya

Muka miƙe gabas. Wajen McLeansville ya ga gonaki ya ce nan ne wurin zaman mutum, ba akurkin da nake haya ba. A gidan mai na sayo masa kofi da donat. Ya juya shi ya ce, "Fanke ne aka huda wa ciki." Ya cinye biyu.

Lambun

Tafiyar kamar awa guda ce. Wuri tsaf, shiru kamar ɗakin jarrabawa. Ga jar gada, ga gora, ga wata bishiya da ba ta wuce gwiwata ba, wai ta girme ni.

"Horon yunwa suka yi mata," in ji Alhaji.

A tafki ya ga kifaye jajaye, kowane ya kai cinyata.

"Yaushe ake kama su?"

"Ba a ci, Alhaji. Kallo ake."

"Allah Ya kyauta."

Wajen azahar, can ciki muka iske wani fili na farar tsakuwa, an share shi layi-layi, an kewaye shi da duwatsu. Gefe ga kwatarniyar dutse, ruwa na zuba daga gora, har da ludayi. Fuskar Alhaji ta washe, karo na farko tun safe.

"Masha Allah! Ka ga mutanen kirki. Masallaci har da wurin alwala."

Jama'a, a bakin titin garinmu haka ake yi, ban musa ba. Amma ga allo nan da Turanci, wai ado ne, kada a taka. Ni da nake neman 'yarsa, ni zan ce masa Alhaji ka yi kuskure? Kafin in ankara ya naɗe hannun riga.

"Duba mana alƙibla a wayar taka."

Na duba. Na cire takalmi. Na tsaya damansa. Tsakuwar nan ta san goshina, Turawa kuwa suka ja gefe, wani har da cire hula.

Muna sallamewa sai ga wata dattijuwa ma'aikaciya, riƙe da manjagara. Ta jira muka shafa, sannan cikin murmushin nan nasu mai kama da takardar kora ta ce tun asuba take jan layukan nan.

"Me ta ce?"

"Wai... ita ke kula da wurin."

"Ce mata Allah Ya ba da lada."

Na ce mata muna ba da haƙuri ƙwarai, zan gyara. Ba ta yi min kara ba, ta miƙo manjagarar. Haka na duƙa cikin shaddata ta Sallah, ina ja tana cewa ya karkace, in sake. Ɗalibin digiri na uku, ana koya masa shara.

Komawa Greensboro

Muka tsaya ƙofar gidan da Alhaji ya sauka. Ya dafa kafaɗata.

"Yaron da zai karɓi tsintsiya a hannun tsohuwa ya share masallaci a ƙasar Turawa, ba ni da sauran tambaya. Ka turo manyanka."

Na durƙusa a wurin fakin ina zuba godiya. Alhamdu lillahi, mun dawo lafiya, buƙata ta biya.

Ya kai ƙofa ya waiwayo. "Kuma a masallacin nan za a ɗaura. Ka nemo min limaminsu."

Nafisa ta ce ba ruwanta, tana can tana dariya har da tari. To a cikinku wa zai rako ni in yi wa Alhaji bayani?