Kufan da Kawu Ya Kai Ni Gani

Juma'a kaɗai nake hutawa daga sauke kaya a tashar jiragen ruwan Jidda, amma kawuna ya hana ni barci. Wai sai na ga wata tsohuwar fada mai ganuwa da mutanen dā suka gina a kan dutse.

Muka bar unguwarmu Hindawiyya cikin rana. Na hau dutsen ina haki, takalmina ya tsinke. A sama ba mu tarar da komai ba sai jerin duwatsu iya gwiwa da kashin awaki.

"Kawu, ina fadar?"

"Ai a zaurenta kake tsaye," in ji shi, har da murmushi.

Ban sake yi masa magana ba har muka sauko.