Neman Wanda Auta Ya Gado

Bayan sallar asuba muka bar Kazaure, ni da Inna, a tsohuwar motata. Dalilin tafiyar ƙanena ne, Auta, na ƙarshe cikinmu maza shida, ni kuma na fari. Da aka matsa masa da maganar aure, sai ya faɗa wa Inna a ɗaki cewa tun tasowarsa zuciyarsa ba ta taɓa karkata ga mace ba. Inna ta sha kuka, sannan ta rantse sai ta gano dangin da suka kawo wannan jini.

Roni

Da hantsi muka sauka gidan Baffa Ilu, ƙanin marigayi babanmu. Aka dama mana fura, Inna ta rage murya ta yi bayani.

"A gidanmu? Haba Hajiya!" in ji Baffa. "Sai dai Baba Tanko da ya rasu bai yi aure ba, shi kuwa kiwon tantabaru ne ya ɗauke masa hankali."

Inna ta miƙe da murna, ta ce an samu a dangin babanmu, sai mu kai wa nata dangin labari.

A shingen hanya ɗan sanda ya tambayi inda za mu. Inna ta ce, "Jini muke nema." Har ƙarƙashin kujera sai da aka bincika.

Gwiwa

Kawu Sule, yayan Inna, ya tare mu da tuwon dawa. Da ya ji labarin ya ce, "Kin manta Kawu Bawa? Har tsufa gida ɗaya suke da amininsa."

"Ai kasuwanci suke tare!"

"Me kika taɓa ganin sun sayar?"

Inna ta ture kwano. A nan muka kwana.

Babura

Washegari taya ta fashe mana a Yankwashi, sai azahar muka isa wajen Hadiza, 'yar ƙanwar Inna, mai karatun jinya. Ta ce masu bincike sun ga gado yana da ɗan hannu, amma ba jinin gida ɗaya ba ne, kuma abin ya ɗan fi samun mai yayye maza da yawa.

Inna ta harare ni. "Ashe kai ka fara."

"Inna, ni na haifi kaina?"

"A cikin uwa suke ganin yana faruwa," in ji Hadiza.

Inna ta gyara mayafinta. "Wato shi ma Auta ba a yi shawara da shi ba?"

Gida

Da magariba muka tarar da Auta a zaure, ya haɗa jakarsa zai tafi Kano.

"Ajiye ta," in ji Inna. "In korar masu hannu a ciki za a yi, mota ɗaya ba za ta ɗauke mu ba. Ka ci abinci?"

Ya girgiza kai, idonsa cike da hawaye. Ta wuce kicin ko mayafi ba ta cire ba.

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da masu masaukinmu, da mai facin Yankwashi.