Ranar da Na Auna Kakata da Kara

Idan wata rana aka zauna rubuta tarihin ilimi a ƙasar Kurfai da gaskiya, wajibi ne a ware wa karan hatsi babi guda, a sa shi gaba da babin ministoci da na sufetoci masu zuwa da mota. Karan nan dai da kuka sani, wanda ake yin darni da shi, awaki su cinye ganyensa, mata su hura wuta da abin da ya rage. Na san abin da nake faɗa, domin saura ƙiris kara guda ya raba ni da karatu har abada.

Wata Litinin ce ta watan Nuwamba, an gama yankan hatsi, ina aji na huɗu wanda ake kira CE2, sojoji kuwa sun yi 'yan shekaru bisa mulki. Sabon malaminmu, Mushe Hamani (Mushe muke ce wa kowane malamin boko), wani dogon Bazabarme daga bakin kogi, ya shigo ajinmu na zana da dami guda na kara a kafaɗa, ya sauke shi gaban allo. Dukanmu muka yi tsit, don mun ɗauka bulalar shekara ce ya tanada gaba ɗaya. Sai ya ɗauko sandar awonsa ta katako, ruwan ɗorawa, wadda ita kaɗai ce a lakkol ɗin, wato makarantar bokonmu, ya riƙa gwada ta da kara yana yankewa da wuƙa, yana miƙa wa kowa nasa. Ya ce wannan shi ne metir, kuma tsawonsa ɗaya ne a Filinge da Yamai da ƙasar Faransa. Wannan magana ta ba mu mamaki ƙwarai. A garinmu igiyar rijiya da gaba ake auna ta, zane da kamu, gona da taki, kuma kowa ya san kamun mai sayarwa bai kai kamun mai saye ba.

Littafin lissafi guda ne a ajin, shi ma na Mushe ne, don haka da hannu muka yi karatun shekarar. Mun yi rabawa da ƙwallon goriba, mun cika litir da yashi muna juyewa cikin tiya mu ga sau nawa zai shiga, mun raba ƙuli-ƙuli gida huɗu don mu gane kashi ɗaya cikin huɗu, darasin da bai taɓa kaiwa ƙarshe ba saboda kayan aikin kan ɓace. A jikin ginshiƙin ajin akwai takarda da ya kafe da ƙaya, inda ya jera abin da Yamai ta ce a koyar wata bayan wata. Kullum da la'asar kuwa yakan zauna gindin itacen bedin lakkol da wani babban kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, yana rubutu, yana ɗaga kai ya dubi gari, ya sake sunkuyawa. Yau na san darasin gobe yake shiryawa, domin ni ma na cika irin wannan kaye fiye da yadda zan iya tunawa. Amma a wancan zamani, da ake cewa shugaban ƙasa yana da kunne a kowace majalisa, mutumin da ya zo daga nesa, yake cin albashin gwamnati, yake kallon gari yana rubutu, ba ya bukatar wata shaida. Tun kafin wata ya mutu an yanke masa hukunci a gindin gawon kasuwa cewa ɗan rahoto ne.

Abin ya ƙara tsami da ya fara ba mu aikin gida. Da farko ƙofar ɗaki da tabarma muka auna, iyayenmu suka zuba ido. Sai ya ce a zagaya rumbu da igiya, a miƙe igiyar a ƙasa a gwada ta da kara. Mutanen da suka ga fari da idonsu, suka kuma ga ma'aikata suna zuwa sayen hatsi a farashin da ba mai hatsin ya yanka ba, ba sai an yi musu bayanin abin da ake nufi da awon rumbu ba. Ban da haka ma, a wurinmu ba a faɗin yawan damman da mutum ya samu, ba a ƙidaya 'ya'ya da baki, don albarka ba ta son a sa mata ido. Babana ya kira ni bayan rumbu ya ce duk abin da na samu in rage rabi kafin in rubuta. Ashe kowane uba haka ya yi da ɗansa, wasu ma suka wuce rabi. Mushe ya duba allunanmu ya ga rumbunan garin kaf babu wanda ya kai turmi faɗi, ya bi mu da jan alƙalami ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ina shaida cewa ba a taɓa yin ajin da ya iya ragewa da rabawa biyu kamar namu ba.

Ran wata Laraba Mushe ya ce kowa ya auno abu biyar masu tsawo a gidansu, tun da Alhamis ba a zuwa lakkol. Ni kuwa a lokacin ina fama da ciwon son a yabe ni. Washegari da hantsi, bayan na kai awaki bakin rijiya na kuma kwaso wa Inna kara na girki, na auna taɓarya, na auna doguwar ƙotar haywar da Baba yake noma da ita, na auna akurkin kaji, na auna igiyar jaki. Saura ɗaya. Rana ta take, gidan ya yi shiru, sai na hangi kakata, Kaka Baraka mahaifiyar Baba, kwance a rumfa tana barcin azahar, bisa gefenta na dama, ta juya fuska gabas, ta rufa da farin zane saboda ƙuda. Na ga babu abin da ya fi ta dacewa, tun da ba ta motsi. Na durƙusa a hankali na shimfiɗa karana daga diddigenta, na yi alama a ƙasa da yatsa, na ɗauko wani karan na gwada ragowar har ƙeyarta, na karya shi daidai wurin.

Ƙarar karyewar karan ce ta fito da Inna. Ba a barin yara su matsa inda ake shirya gawa, don haka ban taɓa sanin cewa mutum ɗaya tak ake aunawa da kara yana kwance ba, wato wanda za a kai wa masu haƙar kabari tsawonsa. Inna ta saki ƙwaryar hura, ta yi salati da wata murya da ban san tana da ita ba. Kaka ta buɗe ido ta ga kara biyu shimfiɗe a gefenta, da jikanta durƙushe yana lissafi da yatsu. Ta tashi zaune, ta gyara ɗaurin kallabinta, ta daɗe tana kallon karan.

Kafin la'asar labari ya gama gari. Baba, wanda ba ya fashin salla, ya ba da sadakar hatsi a masallaci. Kaka kuwa, da ba ta taɓa sallamar iskokin gidan ubanta ba, ta sa aka ƙone karan biyu, aka yanka baƙar kaza a inda ta kwanta. Kowannensu ya yi kamar bai ga abin da ɗayan ya yi ba. A majalisa aka jera hujjoji: an fara da ƙofa, an koma rumbu, yanzu an kai ga mutane. Abin da ya gagari masana shi ne amfanin da gwamnati za ta yi da tsawon tsohuwa, amma rashin sanin dalilin ya ƙara tabbatar musu cewa dalilin babba ne. Baba bai doke ni ba, abin da ya fi duka ban tsoro. Ya ce kawai lakkol ta ƙare gare ni, daga gobe in bi awaki, kuma shi da kansa zai je ya gaya wa malamin.

Ina zaune bayan akurki ina kuka, sai Kaka ta zo ta tsaya kaina. Tsakanin kaka da jikanta namiji akwai wasa, mijinta take kirana. Ta duba hagu da dama, ta rage murya ta ce, "Kai, mijin banza. Nawa ka samu?" Na ce metir ɗaya da santimetir arba'in da shida. Ta tambaya ko da yawa ne, na ce bai kai ƙotar haywa ba. Ta ce, "Ƙarya kake. Ƙafata a tanƙwashe take."

Washegari da la'asar Baba ya sa rigarsa ta Juma'a, ya tasa ni gaba har gindin bedi. Mushe na zaune da baƙin kayensa bisa gwiwa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gajiya da iyali da bisashe, sannan Baba ya faɗi abin da na aikata. Mushe ya dafe kai, ya ce su ma a ƙasarsu haka ake auna mamaci, kuma laifinsa ne da bai ce ban da mutum ba. Sai ya buɗe kayen, ya juyo shi wajen Baba, ya riƙa bin layi da bakin alƙalami yana fassarawa da Hausarsa mai karkata: nan metir, nan litir, wata mai zuwa kilo, duk abin da aka umarce shi ya koyar ke nan, babu hatsin kowa a ciki. Ya ƙara da cewa yaron nan yana da kai, a bar shi. Baba, wanda bai san ko harafi guda na boko ba, ya ƙura wa shafin ido har na ƙosa. Daga nan ya ce to, Allah shi ba da sa'a, ya miƙe. A hanya ya ce in wanke rigata saboda gobe.

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyarwa, daga Sanam zuwa Tabla zuwa Filinge. Yanzu yara suna da sandar awo ta roba a jaka, ana kuma tara malamai a ɗaki mai fanka a koya musu cewa yaro ya fi gane lissafi in ya taɓa da hannunsa, ana kiran abin sabuwar dabara. Nakan yi kewar ajin zanan nan da warin ƙuli-ƙulinsa, da lokacin da metir yake abin da za a iya jin tsoro. A irin waɗannan tarurruka na sha ba da labarin gindin bedi a matsayin misalin yadda bayani mai kyau yake narkar da zargi, har a tafa mini.

Sai da Baba ya tsufa ƙwarai, wata rana ina yi masa aski, na tambaye shi wace magana ce ta Mushe Hamani ta sauya masa ra'ayi. Ya ce wane ra'ayi. Ya ce mutumin ɗan rahoto ne, kowa ya sani, kuma ranar ya ga alƙalami buɗe a hannunsa.

Ya bar ni a lakkol ne don kada sunansa ya shiga kaye.