Takalmina na Hagu

Mu biyar ne a gidan da muke haya a unguwar Manfuha ta birnin Riyad, Hausawa huɗu da ɗan Bangali ɗaya mai gyaran wutar lantarki. Ni ne babba, saboda haka ni na kafa doka: takalma a jere bakin ƙofar shigowa, nawa a farko, sauran su biyo bisa shekaru.

Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da takalmin aikina na hagu, mai ƙarfe a baki, a kife ƙofar ɗakin Bazazzagen da muke zaune da shi. Na mayar da shi layi. Juma'a ta biyu haka. Ta uku ma haka.

Bazazzagen direba ne, watansa huɗu da zuwa, kuma a masallacin kusa yake salla, don haka shi ke fara dawowa. Na kira taro bayan La'asar, na ce abubuwa uku ne: takalmi ba ya tafiya da kansa, ba a kife takalmin mutum don alheri, kuma ƙofar da ake samunsa tana da mai ita.

"Yaya, me zan yi da takalminka?" in ji Bazazzagen. "Ko jirgin ruwa nake nema ai ya yi mini girma."

"Sawuna kake ɗiba," na ce. "In aka sake, kafil ɗinmu zai ji."

Kafil shi ne Balaraben da iƙamarmu, wato takardar izinin zamanmu, ke hannunsa. A Riyad maganar sihiri ba wasa ba ce, mafi sauƙinta a sa mutum a jirgi a mai da shi gida. Bazazzagen ya ajiye kofin shayinsa.

Ɗan Bangalin ya ɗaga hannu kamar ɗan aji. Yana da wani littafi da ya naɗe bangonsa da jarida, rubutun ciki kamar wanki a rataye kan igiya. Wani marubucin ƙasarsu ne ya rubuta, kuma mun sha labarinsa har ya ginshe mu. Wai mutumin aikinsa bin ƙauyuka, duk inda aka ce wani yana taka garwashi ko yana fito da toka daga tafin hannu, sai ya je ya zauna ya kalla, sannan ya tashi ya yi irinsa a gaban jama'a ya nuna yadda ake yi. An zage shi, an kore shi, bai daina ba.

"Sadik," ya ce da ni da gurgun Larabcinsa, don a Manfuha kowa sadik ne, wato aboki. "Ka ba ni Juma'a ɗaya."

"Marubucinku bai yarda da komai ba. Ni na yarda da aljanu, na yarda da sammu."

"Ban hana ka ba. Amma shi sai ya duba ƙasa kafin ya duba sama. Yana da matakai."

Da na ji kalmar matakai sai na sassauto. Mutumin da ke bin abu daki-daki ba a rasa alheri a wurinsa.

Mataki na farko tambaya ce: me ya sa sai Juma'a? Na ce sauran ranaku takalmin yana ƙafata. Mataki na biyu: me ya sa sai na hagu? Na ce wannan sai a tambayi mai aikin. Ya ce ko akwai abin da ya bambanta na hagu da na dama? Na ce babu. Akwai, amma ban ga ruwan bincike da shi ba.

Mataki na uku garin fulawa ne. Juma'a ta huɗu ya barbaɗa shi tun daga layin takalma har ƙofar Bazazzagen, muka fita gaba ɗaya, na kulle da hannuna, na riƙe Bazazzagen a gefena har aka sallame. A hanya Basakkwacenmu ya ce, "In aljani ne fa, kun ba shi abin yin fanke."

Muka buɗe. Takalmin yana can a kife. A kan garin ga doguwar shaidar jan abu, gefenta ƙananan sawu zagaye-zagaye, sun fito daga tagar kicin.

"Aljaninka yana da ƙafa huɗu," in ji ɗan Bangalin.

"Suna rikiɗa su zama kyanwa," na ce.

"To. Me ke cikin takalmin da aljani zai so?"

Kafin in hana shi ya zura hannu. Ya zaro safa, ya zaro wata safar, sannan ya zaro ƙunshin leda uku a ɗaure. Ƙanshin ya gama falon. Kilishi ne da aka aiko mini daga gida. Duk daren Alhamis nake cusa shi can ciki, saboda ran Juma'a kowa yana gida, kuma babu kwabar da ba sa buɗewa. Kyanwar unguwa ce take shigowa, ta kasa ciro shi, ta ja takalmin zuwa inda sanyin na'ura ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar Bazazzagen, ta yi kokawarta a can.

"Yaya!" in ji Basakkwacen. "Kai da ka rantse mana kilishi ya ƙare tun watan jiya?"

"Cewa na yi ya ƙare a kwaba."

Bazazzagen bai yi dariya ba da farko. Ya zauna kan tabarma ya ce, "Da yanzu ina filin jirgi saboda nama."

Na tsaya a gabansa na nemi gafara bisa tsari: na farko zargin da na yi masa, na biyu barazanar kafil, na uku ɓoye kilishi. Ya ce ya yafe biyu, na ukun sai an raba. Aka raba, shi ya ɗauki kashi mafi girma, ɗan Bangalin ya ci ɗan yanki ya nemi ruwa yana hawaye, ya ce yajinmu ne abu na farko da littafinsa bai yi bayaninsa ba.

Ranar na gyara doka. Takalmin Bazazzagen ya koma farkon layi na tsawon wata guda, nawa a ƙarshe, kusa da tsintsiya. Tagar kicin kuma ni na sa mata raga, bayan na share fulawar.